Injin da Aka Ce Audi Ya Buga

A Daura, duk direban da tayarsa ta taɓa sacewa a bakin hanyar Zango ya san Audi mai faci. Shekara goma sha tara rumfarsa tana jingine da katangar garejin Mati bakanike, ƙarƙashin wata darbejiya. Babu komai a cikinta sai benci, da famfon iska, da rabin duro cike da ruwa inda yake tsoma tib ya nemi huji. Dogo ne siriri, mai ɗan ranƙwafawa, ba shi da yawan magana, kuma ko cikin aiki hularsa ba ta karkacewa. Sai dai ba kowa ke ce masa mai faci ba. Audi Bugau aka fi saninsa da shi, yara da manya, shi kuwa yana amsawa, don a ganinsa sunan bai yi masa ƙarya ba.

Asalinsa mutumin Dutsi ne. Mahaifinsa dillalin shanu ne, shi ya kawo shi gidan Alhaji Maharazu, wani attajirin fatu da gyaɗa, ya damƙa shi amana. A gidan ya girma, a gidan aka yi masa aure da Zinariya. Da Alhaji ya sayo wata Fijo 403 daga hannun wani Bafaranshe a Damagaram, Audi aka tura Kano ya koyo tuƙi. Baƙar mota ce mai kumburarrun kumatu, giyarta a jikin sitiyari, tana da wani hannun ƙarfe da ake zura mata ta gaba a murɗa idan batir ya mutu. Ko a wancan lokaci irinta ba ta da yawa. Shekara goma sha uku Audi yana tuƙa ta, kasuwa-kasuwa, daga Mai'aduwa zuwa Baure, bai taɓa goga ta da ko jaki ba. Kullum da safe, kafin ya kai koko bakinsa, sai ya ɗaga bonet ya zaro ma'aunin baƙin mai, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa ya duba.

Ran da abin ya faru, cikin daminar 1983, Zinariya ta wayi gari da naƙuda mai tsanani. Yana ta kai da kawo tsakanin gidan ungozoma da asibiti, sai ga saƙo cewa Alhaji yana jiransa, za su Baure. A gurguje ya tayar da mota. A kan hanyar dawowa, sun ɗan wuce Zango, injin ya soma wata ƙara kamar ana dukan kwano da cokali, ƙarfinsa ya ragu. Nan take Audi ya kashe. Da igiya aka jawo ta bayan wata akori-kura har garejin Mati.

Mati kuwa amininsa ne tun suna samari, shi ya yi masa abokin ango. Kwana biyu motar ta yi a wurinsa. Rana ta uku ya zo zauren Alhaji, gaban jama'a, ya ce injin ya buga, babu ko ɗigon baƙin mai a cikinsa, kayan irin wannan mota kuma sai dai Faransa.

Alhaji bai yi faɗa ba. Ya dubi Audi, ya ce, "Ka duba mai da safen ranar?"

Audi ya tuna nishin Zinariya, ya tuna ƙofar asibiti, ya tuna ruwan da ya kwanta a lungunsu, amma bai tuna ya ɗaga bonet ba, bai kuma tuna bai ɗaga ba.

"Ban sani ba, Alhaji."

"To, Allah ya rufa asiri. Ajiye makullin, ka je ka huta."

Wata bai cika ba sabuwar 504 ta iso gidan, wani ɗan ƙanwar Alhaji da ya dawo daga Legas yana tuƙi. Tsohuwar aka tura ta wani ɗaki a ƙofar gida, aka lulluɓe da tamfol, daga baya aka toshe ƙofar da bulo.

Audi ya nemi mota a tasha har ya gaji. Duk mai motar da ya tunkara sai ya ce ai ya riga ya ɗauki wani. A nan tashar wani ɗan kamasho ya fara kiransa Bugau, aka yi dariya, sunan ya bi shi. Mati ne ya kira shi ya nuna masa gindin darbejiya, ya ba shi famfo da benci, ya ce ya zauna ya riƙa faci. Audi bai manta da wannan ba. Ya sha faɗa wa 'ya'yansa cewa bayan shi, ba su da uba a garin nan sai Mati. Tun daga ranar kuma bai sake kama sitiyari ba, ko na motar da aka kawo faci ce aka ce ya ɗan matsar da ita, sai ya kira wani.

Shekara biyu da ƙaddamar da shari'a a jihar Alhaji Maharazu ya rasu. A lokacin Mati ya zama Alhaji Mati, ya tara gemu, yana cikin kwamitin masallacin unguwa, rediyon garejinsa daga safe har la'asar wa'azi yake. Da aka raba gado, sashen gidan da ɗakin motar yake ya faɗo wa Rahmatu, 'yar marigayi, malama a makarantar sakandaren 'yan mata. 'Yan'uwanta maza suka ce a kira masu sayen tsohon ƙarfe. Ita kuwa wata rana da ta taso daga makaranta sai ta tsaya a rumfar Audi.

"Baba Audi, ina wuni?"

"Lafiya lau, uwar ɗakina. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya. Wajenka na zo. Motar nan nake so ta tashi."

"Ga bakanike nan bayanki, katanga ɗaya ce tsakani."

"Na je. Cewa ya yi in bai wa maƙera su yi murhu da ita."

"To ni mai faci ne," in ji Audi. Ya ci gaba da goga tib da ƙarfe, bai ɗago ba. "Kuma ni na kashe ta."

"Kai ka kai ni firamare a cikinta, kana bari in danna hon a bakin makaranta. Ba wanda ya san ta kamarka. In ta ƙi tashi, ta ƙi, amma a hannunka."

Sai bayan kwana uku ya ce mata ya yarda. Ba tashin motar ne ya dame shi ba. Shekara goma sha tara yana zaune bayan wata gajeriyar katanga yana kallon yadda ake farke injuna ana haɗawa, har ya zamana daga ƙara kaɗai yana gane ciwon mota, amma injin da aka ce shi ya kashe bai taɓa ganin cikinsa ba. Yana so ya ga ɓarnar da ya yi da idonsa, ya san girmanta, ko ya samu ya daina tambayar kansa game da safiyar nan.

Da Mati ya ji, ya leƙo ta kan katanga. "Aboki, me za ka tono wa kanka? Abin da ya wuce ya wuce. Ƙarfe ne ruɓaɓɓe, wahala kawai za ka sha, a ƙara yi maka dariya."

"Dariyar ai na saba."

"Ni dai na faɗa maka."

Audi ya ɗauka tausayinsa yake ji, har ya yi masa godiya.

Da aka fasa bulon, tamfol ya zama tsumma. Ɓeraye sun cinye kujerun baya, zanzaro ya yi gini a cikin kafireta, tayoyin sun manne da ƙasa. Audi ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe, sannan ya shiga ya shafa bonet ɗin da tafin hannu kamar mai gaida mara lafiya. Bai kai ta gareji ba. A nan ɗakin yake aiki, daga sallar asuba zuwa hantsi, sannan ya tafi rumfarsa.

Da waje ya fara. Ya ɗora ta a kan kututture ya cire tayoyi. Ya sauke tanki ya zuba tsakuwa da kananzir ya yi ta girgizawa har tsatsa ta fita. Ya kai lagireto wajen mai walda, ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya ya sauya waɗanda ɓera ya gutsura. Wani baduku ya sake ɗinka kujerun da jar fata. Robobin birki sai da wani direba ya nemo su a Damagaram, wurin wani tsoho da ke da gawar irinta a bayan gida. Wata huɗu yana wannan, injin kuwa ko noti ɗaya bai kwance masa ba. Yakan goge samansa da tsumma, ya tsaya yana kallo, ya samo wani aikin dabam.

Rahmatu ta lura. Wata Asabar ta kawo masa kunu, ta zagaya motar, ta ce, "Baba Audi, kullum ƙara kyau take kamar za a kai ta gidan miji, amma ban ga an taɓa cikinta ba."

"Za a taɓa."

"Ko tsoronta kake ji?"

Ya yi ɗan murmushi. "Ke dai tun kina ƙarama bakinki bai iya shiru ba."

Washegari ya cire fulogi huɗun, ya zuba kananzir gauraye da baƙin mai ta ramukan, don injin ya daskare saboda daɗewa a ajiye. Kullum da safe ya ƙara kaɗan, ya zura hannun ƙarfen ta gaba, ya ɗan danna, ba da ƙarfi ba. Mako uku bai motsa ba. Ran nan sai ya ji hannun ya ɗan sauka. Ya ƙara dannawa, injin ya juya, ya zagayo, ya sake zagayowa, sumul, babu kartawa, babu ƙwanƙwasa. Audi ya saki hannun ya ja da baya. Ya san yadda bugaggen inji yake juyawa, ya gani sau ɗari ta kan katanga, ba haka yake yi ba.

Ya shimfiɗa buhu ya shiga ƙarƙashi. Ɗan gwangwanin tumatir kawai ya ɗauka, don tarar kananzir ɗin da zai tsiyayo, tunda an ce babu mai a ciki. Ya kwance notin kwanon ƙasa, inda man inji ke taruwa. Da farko ba abin da ya fito. Can sai wani baƙin abu mai kauri kamar maɗi ya soma saukowa a hankali, ya cika gwangwanin, ya malalo a hannun rigarsa. Ya fito da rarrafe ya jawo bokiti. Yana zaune a ƙasa yana kallo har ya tsaya da zuba. Ya kusa galan guda.

Ya ce a ransa, wataƙila Mati ne ya zuba daga baya don ya gwada. Saboda haka ya sauke kwanon gaba ɗaya, ya sa yatsu ya laluba gindinsa. Injin da ya buga yakan bar garin ƙarfe a nan, mai walƙiya kamar yashi. Babu ko ƙwaya. Ya kwance 'yan faifan da kuranshaf, babban sandan ƙarfen da ke juyawa a cikin inji, ke kwanciya a kansu, waɗanda makanikai ke ce wa metal, ya fito da su hasken ƙofa ɗaya bayan ɗaya. Waɗannan su ke fara ƙonewa idan inji ya yi tafiya babu mai. Santsi ne da su, ko ƙwarzanen farce babu. Ya tashi ya buɗe murfin sama. A nan ya gan shi, wani ɗan sifirin na bawul, tsawonsa bai kai yatsa ba, ya karye biyu. Irin aikin da Mati ke bar wa ma'aikatansa su gama kafin azahar.

Ranar bai je rumfa ba. Gida ya wuce, hannun rigarsa baƙi ƙirin. Zinariya tana tankaɗen gari a tsakar gida, ta ɗago ta dube shi.

"Malam, lafiya da rana tsaka haka?"

Ya zauna a kan turmi, ya buɗe hannu ya nuna mata guntayen sifirin. "Wannan ne ya karye. Shi kaɗai. Mai yana ciki, cike. Ashe na duba."

Ta ajiye rariya. Ta dubi hannunsa, ta ce, "To injin fa?"

"Lafiyarsa ƙalau. Bai taɓa bugawa ba."

Zinariya ba ta yi kuka ba. Ta goge hannunta da zane, a hankali, yatsa bayan yatsa. "Duk ranar da aka kira ka da sunan nan a gabana," in ji ta, "sai in ce da ba don naƙudata ba. 'Yarmu Shatu tana shekara tara wata yarinya ta ce mata ranar haihuwarta ubanta ya tsiyace. Ban taɓa faɗa maka ba. Kwana biyu ba ta ci abinci ba."

"Wataƙila kuskure ya yi," Audi ya ce.

"Mati? Kuskure, da galan guda na mai?"

Bayan sallar azahar Audi ya sami Mati a cikin gareji, zaune a kan kujerar mota da aka cire, yana jan carbi. Audi ya ajiye metal ɗin a kan gwiwarsa, ya ɗora sifirin a kai. Mati ya duba. Ya miƙa hannu ya rage rediyo, ya ce wa ma'aikatansa su je su ci abinci.

"Na ce maka kada ka buɗe."

"Ka ce."

"Zauna, aboki."

"Ina ji daga nan."

Mati ya shafa gemu. "Alhaji ne ya kira ni. Ya riga ya yi odar 504, ya kuma yi wa ƙanwarsa alkawarin ɗanta zai tuƙa. Ya ce min, Mati, yaron nan a hannuna ya tashi, ubansa amana ya ba ni, ba zan iya kallon idonsa in ce ya sauka ba gaira ba dalili. Yana cikin wannan sai ga mota ta zo a jaye. Ya ce in ce ta mutu."

"Sai ka ce."

"Wa ke ce wa Alhaji a'a a lokacin? Filin garejin nan nasa ne."

"Mutuwar na ji. Maganar mai fa, shi ya ce ka faɗa?"

Carbin ya tsaya a hannun Mati. "Sai da dalili mutane za su yarda," ya ce can ƙasa-ƙasa.

"Ya toshe lafiyayyar mota da bulo shekara goma sha tara don kada ya ce min sauka."

"Nauyinka ya ji. In ya fito da ita ai ƙaryar ta fito. Kai ma ka san halinsa. Kuma ni ban yar da kai ba, Audi. Wa ya ba ka wuri? Wa ya je sunan 'ya'yanka, wa ya tsaya a auren Shatu?"

"Kai."

"To."

"Kullum kana leƙowa ta katanga kana ce min Bugau, kawo famfo."

"Wasa ne. Kowa ya san wasa ne." Mati ya ɗan gyara zama. "Kana tsammani direbobin tasha yara ne? Su suka jawo motar, sun ji ƙarar da kunnensu. Manyansu duk sun gane ba bugu ba ne."

Audi ya dube shi. "Da sun gane da sun ba ni mota."

"Wa zai ba ka mota ya ƙaryata Alhaji? Duk wanda ya ɗauke ka ai ya ce Alhaji ya yi zalunci ke nan. Ba mai so."

Audi ya sunkuya ya kwashe ƙarafansa. "Abu ɗaya nake so. A gaban jama'a ka faɗa, a gaban jama'a za ka janye. Ba kotu zan kai ka ba, ko da yake kullum rediyonka yana faɗar hukuncin shaidar zur. Ka zo tasha ka ce Audi bai buga inji ba. Shi ke nan."

"Ka bari in yi tunani. Mutumin nan yana kabari, ga 'ya'yansa. Ni ma ga matsayina a masallaci."

"Yi tunani. Ran da ta tashi zan kawo ta tasha."

Rahmatu ya faɗa wa da kansa, a ɗakin motar, bai rage komai ba. Ta jingina da bango, ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta.

"Baba Audi, mahaifina ne."

"Na sani, uwar ɗakina. Ni ma shi ya rene ni."

"In aka ce kai ka gyara bugaggen inji, ai sunanka ya tashi a garin nan. Mutane za su ce ka iya abin da makanikai suka kasa."

"Za su ce na gyara abin da na ɓata."

Ta sauke mayafin daga fuskarta. Daga baya ta ce, "Ba zan hana ka ba. Amma ba zan iya zuwa ba."

Sifirin ya samu cikin tarkacen wata tsohuwar 404, ya gwada ya zauna daidai. Ya wanke komai da fetur, ya mayar da metal ɗin nan dai nata na asali, ya ɗaure, ya zuba sabon mai. Wata Alhamis da hantsi ya zuba fetur kaɗan a kafireta ya murɗa hannun. Ta yi tari sau biyu, ta fesar da baƙin hayaƙi da gidan zanzaro ta salansa, a na uku ta kama. Ya tsaya ya saurara har hayaƙin ya washe. Sannan ya wanke hannu, ya gyara hula, ya shiga ya zauna. Ya taka kuloci, hannunsa ya sami giya ba tare da ya duba ba.

Ya biya ta gareji ya aika a faɗa wa Mati, ya wuce tasha. Tun daga bakin ƙofa 'yan acaɓa suka bi shi da hon. Kafin ya tsaya an kewaye motar, ana leƙa ciki, ana shafa fitilu. Wani ya ce Bugau ya tayar da matacce, wani ya ce wanda ya kashe ai shi ya san makarin. Audi ya fito, ya bar injin yana aiki, ya nufi rumfar shugaban direbobi, Lawal, tsohon da suka yi zamani tare, yana cikin waɗanda suka jawo motar daga Zango. Mati ya iso a kan babur ya tsaya daga gefe.

Audi ba mai ɗaga murya ba ne, sai da aka ce a yi shiru.

"Jama'a, ban gyara inji ba," ya ce. "Sifirin ɗaya na sauya, da baƙin mai. Man da na zuba mata a 1983 na tarar a ciki. Injin nan bai taɓa bugawa ba. Ga Alhaji Mati nan, shi ya duba ta a lokacin, a tambaye shi."

Samarin suka yi dariya, sun ɗauka irin ƙanƙan da kai ne na tsofaffi. Yawancinsu ba a haife su ba lokacin, wasu ma sun zaci Bugau sunan kakansa ne. Amma Audi ba su yake kallo ba. Lawal yake kallo, da wasu tsofaffi biyu a kan benci. Babu wanda ya yi mamaki a cikinsu. Ɗaya yana kallon takalminsa, ɗaya ya shiga ɓare goro.

"Alhaji Mati, ka ji," in ji Lawal, ba tare da ya juya ba.

Mati ya gyara zaman hularsa. "Shekaru sun yi nisa, ciyaman. Motocin da suka bi ta hannuna Allah kaɗai ya san adadinsu. Ba zan ce na tuna abin da na gani ba. Abin farin ciki dai ga ta ta tashi, Allah ya yi wa hannunsa albarka."

Aka ce amin.

"Ciyaman," Audi ya ce, "kai ka riƙe igiyar. Ka ji ƙarar."

Lawal ya kamo hannunsa, ya jawo shi kusa, ya yi magana yadda su biyu kaɗai za su ji. "Audi, mun sani. Allah ma ya sani. Ka yi haƙuri, a rufa wa mamaci asiri. Me ya rage mana duka?"

Audi ya zare hannunsa a hankali. Ya koma mota, mutane suka dare. Ya tuƙa ta har ƙofar gidan Rahmatu, ya juya ta ya gyara mata tsayuwa a inuwa, ya kashe. Ya yi sallama ya miƙa makullin.

"Kowace safiya a duba mata mai da ruwa," ya ce. "Kada a wuce sittin da ita sai ta saba."

"Ni da nake so kai za ka riƙa tuƙa ta, Baba Audi."

"A'a. Ki nemi yaro mai hankali, zan nuna masa."

"Yaya aka yi a tashar?"

"An yi mini addu'a," in ji shi.

Washegari Juma'a, tun kafin a buɗe gareji, ya ɗauko amalanke ya kwance rumfarsa. Ya ɗora rabin duron da ƙarafan cire taya da kwanon rufi. Bencin da famfon ya jingine su a ƙofar Mati, ya aro wani famfo a wurin surukinsa. Can bayan gari ya koma, wajen da motoci ba su cika tsayawa ba, galibi kekuna da baburan manoma ne ke zuwa masa. Zinariya ce ta zaɓi wurin, don ya fi kusa da gonarsu.

Har yanzu yana can. Aikin bai kai na da ba, amma yana isarsu. Mati ya aiko sau biyu a ba shi haƙuri, na biyun har da limamin unguwa. Audi ya karɓi liman da girmamawa, ya shimfiɗa masa buzu, ya saurare shi har ya gama. Sannan ya tambaya ko Mati ya ce zai je tasha. Liman ya ce ba su yi wannan maganar ba. Audi ya ce to, in sun yi, yana nan.